Tef ɗin Bed-It: liƙin da ba ya bushewa, da wuraren da ya dace da su a daɓen jirgin ruwa

Duk ƙarfen da aka ɗaure a saman jirgin ruwa mai filafilai, maɗaurin igiya ne, ko wincin jan igiya, ko sandar shingen gefe, sai da aka huda daɓen jirgin kafin ya zauna. Jirgi mai tsawon mita 10 yakan tara irin waɗannan ramuka fiye da ɗari, kowanne kuwa ƙofa ce da ruwa yake nema. Bed-It tef ne na robar butil, ruwan toka, da ake sayarwa daga jihar Maine ta Amurka don a shimfiɗa shi tsakanin ƙarfen da daɓen ya toshe wannan ƙofar. Nadi ɗaya yana da faɗin rabin inci, wato kusan milimita 13, kauri milimita 1.6, tsawo kuma ƙafa 50, kimanin mita 15. Ga ƙarfen da aka ɗaure da ƙusar noti wadda ta ratsa daɓen har ƙasa, da wuya a sami abin da ya fi shi. Amma ba gam ba ne, wanda kuma ya ɗauke shi a matsayin gam zai sha haushi.

Robar butil ba baƙuwa ba ce. Ita ce ake yin tiyub ɗin taya da ita, saboda iska ba ta ratsa ta da sauƙi, har a cikin wasu nau'o'in cingam akwai ta. Masana biyu na kamfanin Standard Oil, William Sparks da Robert Thomas, su suka haɗa ta a 1937. A hannu tef ɗin kamar cingam ɗin da aka tauna yake, yana kama yatsa, yana miƙewa, haka kuma zai zauna shekara da shekaru. Wannan rashin bushewar shi ne dukan amfaninsa. Maƙeran jirage irin su C&C na Kanada sun yi amfani da butil a mahaɗar gangar jirgi da daɓensa tun shekarun 1970, masu gyara kuma har yanzu sukan kwance noti a irin waɗannan jirage su tarar da shi da laushinsa.

Sai an san yadda daɓen yake a ciki kafin a gane dalilin damuwa da ɗigon da bai cika cokali ba. Yawancin jiragen faiba ba dunƙulallen faiba ne a daɓensu ba. Fata biyu ce ta faiba, ta sama da ta ƙasa, da ɓargo a tsakani mai kaurin milimita 10 zuwa 13 a jirage matsakaita. Ɓargon nan katakon balsa ne, wanda akasarinsa daga Ekwado yake zuwa, ko filawud, ko soson roba mai tauri. Wannan gini yana ba da ƙarfi ba tare da nauyi ba, muddin ɓargon yana bushe kuma yana manne da fatun biyu. Ruwa ya bi jikin ƙusa ya sauka, ba lallai ya ɗiga cikin ɗaki a gan shi ba. Sau da yawa yakan tsaya a ɓargon ya yi ta jiƙa shi. Balsa an jera ta ne da jijiyoyinta a tsaye, don haka ruwa yana jinkirin yaɗuwa a cikinta, sai dai ya bi tsagin da ke tsakanin gutsattsarinta. Filawud kuwa shan ruwa yake yi ta gefe, ya kai shi nesa. Ɓargon da ya ruɓe yakan lotsa ƙarƙashin noti, noti ya saki, ƙarfen ya fara motsi, motsin ya ƙara buɗe wa ruwa hanya. Haka abin yake zagayawa har wata rana maɗaurin igiya ya tuge da guntun daɓe a jikinsa.

Don haka kafin a taɓa tef, a duba. A kama kan kowace sandar shinge a girgiza ta ana kallon gindinta: in an ga gindin yana ɗagawa ko ruwa yana tsartowa daga ƙarƙashinsa, liƙin ya mutu. Sandar shinge ce ta fi kowa saurin lalacewa, lissafin kuma a fili yake. Tsawonta kusan santimita 60, faɗin gindinta bai wuce 7 ko 8 ba, wato duk ƙarfin da aka sa a kanta yana ninkuwa kusan sau takwas a wurin ƙusoshin. Mutumin da ya tura jirgi daga bakin gaɓa da ƙarfin kilo 30 ta kan sandar ya ɗora wa ƙusoshin wajen kilo 240. A duba tsagogi masu kama da saƙar gizo-gizo a fatar daɓe kewaye da ƙarfen, alamar wurin yana lanƙwasa ke nan. A ɗauki ƙaramar gudumar roba ko ƙotar sukurudireba a bi ana ƙwanƙwasawa: wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya jiƙe ko fatarsa ta rabu da ɓargo yakan yi ɗif. Na'urar auna danshi tana taimakawa, sai dai ƙarfen da ke ƙarƙashi yakan ruɗe ta, saboda haka kwatanta wuri da wuri ake yi da ita, ba dogara da lambar da ta nuna ba. Daga ciki kuma a cire silin a haska tocila. Zirin ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi da ya gangaro daga noti ruwa ne da ya ratsa ruɓaɓɓen katako. Jan tsatsa a jikin noti na sitenles labari ne daban, za a zo kansa. In an rasa inda ɗigo yake fitowa, mutum ɗaya ya zauna ciki, ɗaya ya riƙe tiyo a waje, a fara daga ƙarfen da ya fi ƙasa ana hawa sama ɗaya bayan ɗaya, a ba kowanne minti biyu ko uku. Ruwa yakan yi tafiya mai nisa a bayan silin, inda ya ɗiga ba safai yake zama inda ya shiga ba.

Babban abin da Bed-It yake gasa da shi su ne liƙe-liƙen kwalba da ake matsawa da bindiga: 3M 5200, da 4200, da Sikaflex-291 na kamfanin Sika na Suwizalan. Dukansu foliyuretan ne, suna bushewa su koma roba, kuma suna mannewa. 5200 shi ne ya fi jawo nadama a daɓe. An yi shi ne don haɗin da ba za a sake rabawa ba, yana ɗaukar kwana bakwai kafin ya gama bushewa, ƙarfin riƙonsa kuma ya kusa ninka na 4200. Ranar da aka zo cire ƙarfen da aka liƙa da shi, sau da yawa fatar daɓe mai sheƙi ce take biyo shi. Ga shi kuwa babu ƙarfen daɓe da ba za a cire ba wata rana. 4200 da 291 sun fi sauƙin kai, suna kuma aiki, amma suna da nasu aibin. Ana ɗaure noti suna ruwa-ruwa, sai yawancinsu ya matse ya fita, abin da ya rage siriri ne kamar takarda, siririn liƙi kuwa ba ya jure motsi. Layin alminiyam da igiyar filafilai take bi a daɓe, mai mita 2, yana ƙara tsawon kusan milimita 2 idan zafi ya ƙaru da digiri 40, ga jan igiya da yake sha kullum. In liƙin ya ɓalle daga gefe ɗaya, ya ɓalle ke nan, ba ya komawa. Butil yana bin motsin ya miƙe, in ya ɗan saki ya sake kamawa. Akwai kuma batun asara: kwalbar foliyuretan da aka buɗe ba ta daɗewa take daskarewa a ciki, ko da ramuka huɗu kawai aka toshe da ita. Silikon na banɗaki kuwa kada ya ma hau jirgin. Yana barin maiƙo a faiba wanda babu abin da zai sake kamawa a kai sai an kankare wurin sosai.

Shi ma Bed-It ba ya gyara ramin da ba a shirya ba, nan ne kuma yawancin aikin yake. A kwance ƙarfen, a kankare tsohon liƙi da wuƙar roba, a goge da asiton, ruwan da ke cire maiƙo. A sa baki mai faɗi a injin huda a ƙara ramin fatar sama, ga ƙusa mai milimita 6 a kai shi 10, amma a bar fatar ƙasa yadda take. Garin da ya fito shi zai faɗi gaskiya: fari busasshe lafiya lau, baƙi mai danshi akwai aiki. Sai a samo ƙusar kafinta a lanƙwasa bakinta, a sare kanta, a ɗaura a injin, a zura cikin ramin a sassaƙe ɓargon da ke tsakanin fatun biyu har kimanin milimita 12 ta kowane gefe, a zuƙe garin. Idan ɓargon ya jiƙe amma bai ruɓe ba, a rufe wurin daga ruwan sama a bar shi ya bushe, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni. Idan ƙusar ta ci gaba da fito da baƙin gari duk inda ta kai, ruɓar ta wuce gyaran rami, sai an yanke fata an sauya ɓargon wurin.

Ramin da ya bushe a toshe shi ta ƙasa da tef mai ƙarfi, a danne gefensa da kyau, don efoksi, ruwan gam mai daskarewa da za a cika ramin da shi, yana gano ƙaramar kafa ya zubo kan katifa. Da efoksin West System, na kamfanin Gougeon Brothers da ke Bay City a jihar Michigan, ana haɗa kashi 5 na ruwan efoksi mai lamba 105 da kashi 1 na sinadarin daskararwa mai lamba 205 ko 206. Na 205 yana fara kamawa cikin minti 9 zuwa 12 a zafin digiri 22, na 206 cikin minti 20 zuwa 25. A wuri mai zafi irin Legas ko Port Sudan lokacin yakan ragu ƙwarai, don haka 206 ya fi, ko 209 wanda ake haɗawa 3 da 1, a kuma yi aikin da sassafe. A fara zuba tsinkakken efoksi da sirinji ya jiƙa bangon ramin, a zuƙe ragowar, sannan a kaurara wani da garin 404 ko 406 har ya yi kamar kunu mai kauri, a cika ramin daga ƙasa zuwa sama don kada iska ta maƙale. A riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin efoksi mai yawa a kofi ɗaya yana ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi. Washegari a sake huda ramin daidai girman ƙusa ta tsakiyar efoksin, a miƙe. Yanzu ƙusar tana ratsa dunƙulen efoksi ne. Ko ruwa ya shiga ba zai taɓa ɓargo ba, noti kuma ya sami abu mai tauri da zai matsa.

Saura mataki ɗaya da ba ya cin minti guda, wanda kuma aka fi tsallakewa. A fafe bakin ramin ta sama ya zama kamar ɗan mazurari, zurfin milimita 1.5 zuwa 2. Idan babu wannan, matsin noti yakan kore tef ɗin daga bakin rami ya bar kusan babu komai. Da shi kuwa butil yana taruwa a cikin mazurarin ya zama zobe mai kauri da ya rungume ƙusar. Faffen yana kuma hana fatar daɓe tsagewa daga bakin ramin.

Sa tef ɗin kansa babu wahala. A goge gindin ƙarfen da daɓen da asiton su bushe. A jera tef a gindin, ziri kusa da ziri, ana dannawa ta bayan takardarsa kafin a ɓare ta. A huda wurin ramuka da tsinke. A naɗa ɗan ziri ƙarƙashin kan kowace ƙusa, a zura ta cikin ƙarfen, sannan a mulmula wani a jikinta daidai inda za ta shiga daɓe, ya yi tsini kamar mazurarin da aka fafe. Kada tef ya taɓa zaren da noti zai hau. A sauke ƙarfen da ƙusoshinsa gaba ɗaya, a miƙe, ba tare da murzawa ba. Aikin mutum biyu ne daga nan: na sama ya riƙe kan ƙusa kada ta juya ko kaɗan, na ƙasa ya juya noti. In ƙusar ta juya, takan naɗe butil ɗin ta yage zoben da aka sha wahalar yi. Kuma ba a sa liƙi ta ƙasa. Idan na sama ya gaza, gara ruwan ya ɗigo a gani da a kulle shi a cikin daɓe.

Inda tef ɗin yake gwada haƙurin mutum shi ne wajen ɗauri. Butil a hankali yake malala. A ɗaure noti har tef ya fara leƙowa ta gefe, a tsaya. Bayan wasu sa'o'i ko washegari za a tarar notin ya yi sako-sako, a ƙara. Haka za a yi sau uku ko huɗu cikin kwana biyu zuwa uku, a lokacin sanyi ma fiye, har ƙarfen ya zauna daram. Mai gaggawar da ya ɗaure gaba ɗaya a zama ɗaya yakan lanƙwasa gindin ƙarfe marar kauri ko ya tsaga fatar daɓe. Wanda ya ɗaure sau ɗaya ya tafi kuma zai dawo ya tarar da sanda tana rawa, ya ɗora wa tef laifi. Wannan ne ya sa masu gyara da ake biya da awa ba duka suke son sa ba, don ba wanda yake son komawa jirgi ɗaya sau huɗu saboda noti. Abin da ya fito ta gefe a yanke shi da wuƙar roba, a dunƙule shi a riƙa dangwalar ragowar da shi, yana ɗauke ɗan'uwansa. Abin da ya ƙi fita ɗan kananzir a tsumma yana cire shi, amma a matse tsumman sosai kada ya gangara ƙarƙashin ƙarfen.

Ƙarƙashin daɓe tef ba shi da ta cewa, amma sakamakonsa ya dogara da abin da ke can. Ƙananan washa ba sa isar maɗaurin igiya ko winci ko sandar shinge. Ana bukatar farantin tallafi da ya fi gindin ƙarfen faɗi, na G10, wato matsattsen farantin faiba da efoksi, mai kaurin milimita 6 zuwa 10, ko na sitenles ko alminiyam, a zagaye kusurwoyinsa, a kwantar da shi kan kaurararren efoksi idan ƙasan daɓen ba sumul yake ba. Ƙarfen da ba ya motsi liƙinsa yana daɗewa. Ƙusoshin su zama sitenles lamba 316, kuma duk wadda ta fito daga jiƙaƙƙen rami a jefar da ita ko da kanta yana ƙyalli. Sitenles yana kare kansa ne da iskar da ke taɓa shi, a cikin rami mai ruwan gishiri inda iska ba ta kaiwa sai ya ci daga ciki, ya karye ba gargaɗi. Jan tsatsar da aka ambata ɗazu alamar haka ce. Noti mai roba a ciki a ɗaure shi da sifana a hankali, saurin inji yana sa zaren sitenles ya cije ya ƙi gaba ya ƙi baya. Inda sitenles ya haɗu da alminiyam a shafa man hana ƙarfe ci irin Tef-Gel ko Duralac a tsakaninsu.

Ƙarafan da ke riƙe wayoyin jigon jirgi, waɗanda ke ratsa daɓe ta doguwar kafa, suna cikin wuraren da tef ɗin ya fi nuna kansa, domin kullum cikin motsi suke. A fafe bakin kafar, a cusa butil kewaye, a danne da murfinsa. Sai dai a tsohon jirgi kada a toshe a tafi: daidai kaurin daɓen, inda ido ba ya gani, nan ƙarfen yake tsagewa, sai an zare shi an wanke an duba da gilashin ƙara girma. A gindin winci kuma kewayen ƙusoshi kaɗai ake sa tef, a bar hanyoyin da aka yi don ruwa ya fita.

Akwai wuraren da bai kamata ya je ba ko kusa. Ƙasan layin ruwa, wato sashen jirgi da ke cikin ruwa, ba nasa ba ne. Bakin tankin mai ma haka, fetur da dizal suna narkar da butil ya koma kwaɓa. Duk abin da sukuru kaɗai ya riƙe, ba noti a ƙasa, ba zai sami matsin da tef ɗin yake bukata ba, zaren sukurun yakan cinye faiba kafin butil ya kwanta, a nan 4200 ko 291 sun fi. Tagar da ba ta da firam, wadda liƙi ne yake riƙe da ita, tana bukatar gam na gaske irin Sikaflex-295 UV. Kusa da bututun hayaƙi kuma zafi zai sa ya zube. Ko a inda ya dace yana da ɗan abin haushi: a rana mai zafi yakan ci gaba da leƙowa ta gefe har tsawon watanni, ƙura ta manne masa ya yi baƙin layi, sai an riƙa bi ana yankewa. Mai son jirginsa fes zai ji wannan.

Ko ya cancanci a neme shi da sunansa alhali akwai tef ɗin butil mai araha na rufin kwano da na tagogi? Bambancin yana cikin yawan robar. Masu arahar sukan cika da garin ƙari, wasu ma ba butil ba ne, kwaɓa ce da ke bushewa ta farfashe. Gwajin ba wuya: a yanki guntu a ja shi a hankali. Mai kyau yana miƙewa ya sirance kamar zare kafin ya tsinke, marar kyau yana gutsurewa nan take. Bed-It yana cin wannan gwajin, kaurinsa kuma ya yi daidai da aikin, domin tef mai milimita 3 yana ƙara kwanakin ɗauri. A guji baƙin butil na gilashin mota, yana ɓata farin daɓe. Gindin sanda ɗaya yana cin ƙasa da mita 1, layin alminiyam mai mita 2 yana cin mita 5 zuwa 6, don haka nadi ɗaya zai gama sandunan jirgi mai mita 10 har a sami ragowa, nadi biyu ko uku su gama daɓen duka.

Bayan an gama, a sake bin notocin da sifana bayan mako guda, a kuma sake bayan watannin farko na tafiya, daga nan sau ɗaya a shekara tare da girgiza da ƙwanƙwasa. Ragowar tef ɗin a sa shi a leda a rufe, a kwantar da shi a kan gefensa cikin inuwa, da takarda tsakanin nadi da nadi, in ba haka ba zafi zai haɗe su su zama dunƙule ɗaya.